Karen Ɗan Fari

Tun da na buɗe ido a gidanmu na Matameye ban taɓa jin Inna, Allah Ya jiƙanta, ta kira sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa mace ce ta da, irin waɗanda suka ɗauki kunyar ɗan fari kamar farilla. In tana son ganinsa sai ta ce, "Ke, kira mini wancan." In baƙuwa ta tambaye ta 'ya'yanta nawa, daga yayyena mata take fara ƙirga. Ni auta har na yi girma ina kwanciya a cinyarta tana yi mini kitso tana yi mini kirari, shi kuwa ko ido ba ta haɗawa da shi. Muna yara mun ɗauka haka duniya take, babu wanda ya ga abin mamaki, har shi kansa.

Bayan rasuwar Baba, Yaya ne ya riƙe garkarmu ta bakin fadama, yana noman rake da albasa da tumatir. A can ya tsinci wani ɗan kwikwiyo ja mai farin ƙirji, ya raine shi don ya riƙa korar awakin mutane. Duk inda Yaya ya sa ƙafa karen na biye da shi. Da wata shekara ruwan rijiyar garka ya ja baya, sai Yaya ya bi sahun masu tafiya cin rani. A garinmu wannan ba labari ba ne. Ana gama girbi maza su ɗaure kaya su tsallaka iyaka, hadarin farko ya dawo da su. Yaya ya fara da Kano, daga nan ya zarce Legas. Damina ta zo ta wuce bai dawo ba, wata ta zo ta wuce, ga ta uku tana ƙaratowa. Kullum maganarsa ɗaya ce: abubuwa ba su daidaita ba, kuma ba zai shigo gari hannu na dukan cinya ba.

Garka ta koma hannun Baffa, ƙanin Baba, shi kuwa ya ce ba ya da aikin da zai ba kare. Babu wanda ya nuna wa karen hanya. Wata safiya muka tashi muka tarar da shi kwance a ƙofar zaure.

"Wa ya gayyato wannan?" in ji Inna.

Amma ba ta kore shi ba. Sai ta kafa masa dokoki kamar yana jin Hausa: wurinsa bayan turken awaki, kada ya kusanci randa, kada ya taɓa buta, tabarmar salla kuwa ko inuwarsa kada ta faɗa a kai. Ta nemo wani fasasshen kasko ta ajiye masa. Daga ranar na lura tuwon da take tuƙawa ya fi ƙarfin cikinmu mu biyu. In mun ci mun rage sai ta ce, "Almubazzaranci haramun ne, je ki zuba wa wannan abin." Ban taɓa ce mata ai ke kika ƙara gari ba.

Lokacin ina koyarwa a lekol, makarantar bokon unguwarmu, yayyena mata duk suna ɗakunan mazajensu, daga ni sai ita a gidan. Yaya yakan kira salulata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Da wayar ta yi ƙara Inna za ta miƙe ta nemi aiki, tsintar wake ko tankaɗe, amma ba ta taɓa yin nisan da ba za ta ji ba. In na miƙa mata sai ta kawar da kai ta ce, "Me zan ce masa? Ki ce ina amsawa." Wata Juma'a Yaya ya ce mini cikin dariya, "Inna dai ko shekara goma na yi ba za ta san ba na nan ba." Dariyar ba ta kai zuci ba, na ji a muryarsa. Ya san al'ada sarai, a cikinta ya tashi, amma nisa yakan sa mutum ya fara shakkar abin da ya sani. Raina ya ɓaci da su duka biyun. Na faɗa wa Inna abin da ya ce, ina jiran in ga ko za ta motsa. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ke dai baki gare ki."

A shekarun nan ne yaran garinmu masu karatun likitan dabbobi a nesa suka fito da wata al'ada. Duk hutu, in sun dawo gida, sai su haɗu da abokan karatunsu na Tsauni da Yauri da Icirnawa su kafa rumfar zana a bayan kasuwar dabbobi. Kayansu ba yawa: teburin aro, kula mai ƙanƙara don magungunan allura, bokitai, da fararen riguna waɗanda ba sa kai azahar suna fari. Wani dattijo, likitan dabbobi da ya ajiye aiki, yakan zauna gefe yana sa musu ido. Shanu da tumaki suna da masu duba su tun da can, domin su dukiya ne. Yaran nan abin da ba mai kula da shi suka ɗauka: kyanwa, kare, tantabara, jakin talaka. Kuɗin magani kawai suke karɓa, wanda ba shi da shi ya kawo ƙwai ko mangwaro, ko ya yi musu addu'a ya tafi. Mutanen gari suka raɗa wa wurin asibitin karnuka, ana ta dariya. Inna tana gaba-gaba cikin masu dariyar. "Iyaye sun sayar da akuya sun kai yaro karatu," in ji ta, "ya dawo yana wanke kare."

Da bazara ta kama, zafi ya yi zafi, sai karen ya fara susa. Gashi ya riƙa zubewa a wuyansa da bayansa, fata ta yi ja, ƙuda na bin sa. Ƙazuwa ce, kowa ya gani. Wata maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce ai maganin ƙazuwar dabba baƙin mai ne, wanda masu gyaran moto ke juyewa daga inji, haka ake yi wa jakuna tun tana yarinya. Ni ban ɗauki maganar da muhimmanci ba. Na dawo daga lekol na tarar da kare baƙi ƙirin tun daga kunne har wutsiya, Inna kuma tana durƙushe a bayan ɗaki tana goge hannu da toka da sabulu.

"Inna, ke kika shafa masa?"

"Da tsumma na shafa. Ni zan taɓa kare?"

Baƙin ya kai mata har wuyan hannu, duka biyun.

Abin da ba mu yi tunani ba shi ne kare yana lasar jikinsa. Kafin gari ya waye ya lashe abin da harshensa ya kai, ya shiga amai, ya kwanta ko kai ba ya iya ɗagawa. Garin neman gira za a rasa ido. Inna ta tsaya a kansa daga nesa, hannu a ƙugu, fuskarta ta canza. Na ce mata yaran nan suna gari, ɗan gajeren hutun bazara ne, gara a kai shi rumfarsu.

"A kai shi mana," ta ce. "Wa ya hana?"

Na roƙi wani maƙwabcinmu mai amalanken jaki, muka shimfiɗa buhu muka ɗora karen. Za mu tashi sai ga Inna ta fito da mayafi, wai daddawa ta ƙare za ta leƙa kasuwa. Ni na zuba daddawar nan a kwano da hannuna, ko rabi ba mu ci ba. Amalanke na gaba, ina gefe, ita tana can baya tana tafe kamar hanya ce kawai ta haɗa mu. In jakin ya tsaya ita ma sai ta tsaya ta gyara takalmi.

A rumfar mun tarar da mutane. Ga wani tsoho da tantabara a cikin rigarsa, ga wata mata da kyanwa a kwando ta rufe da faifai, ga wani maharbi da karnukansa biyu yana ba kowa labarin yadda yaran suka ɗinke wa ɗaya ciki, yana cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. Da suka ga halin da namu yake ciki suka ba mu hanya. Ɗalibai biyu suka karɓe shi, wani dogon saurayi mai yawan jefa Faransanci cikin Hausa, da wata yarinya 'yar Tsauni, gajera, mai sanyin magana. Saurayin ya shinshina hannunsa ya ɗaure fuska.

"Wa ya yi wannan aika-aika? Wannan ai guba ce!"

Daga wajen rumfa, inda take tsaye kamar mai jiran wani, Inna ta ce, "Ni ce."

Dattijon nan ya gyara zama ya ce, "Rashin sani ya fi dare duhu, yaro. Wanke, ka bar faɗa." Suka wanke shi da sabulu, bokiti bayan bokiti, baƙin ruwa na gangarawa cikin rairayi, har jan gashinsa ya fara fitowa. Suka cire masa kaska a kunnuwa, suka ɗaura masa ƙarin ruwa a ƙafar gaba, suka yi masa allura. Ina kallon yarinyar nan tana shafa kansa tana yi masa magana a hankali, ko ƙyama babu a fuskarta.

Da suka gama, saurayin ya so ya san wanda zai kula da magani a gida. Ya dubi Inna ya ce, "Bon, Mama, karen wa ne? Ya sunan mai shi?" Inna ta juya tana kallon kasuwa. Ya ɗauka ba ta ji ba, ya ɗaga murya ya maimaita. Na buɗe baki zan amsa, yarinyar ta riga ni.

"Kai, bari. Ba ka gani ba? Na babban ɗanta ne."

Saurayin ya sosa ƙeya ya ba da haƙuri. Yarinyar ta matsa kusa da Inna ta rage murya. "Ya yi tafiya ne, Inna?"

"Ya yi."

"Ya daɗe?"

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Sai can ta ce, "Da ɗan dama." A gabana, wannan ita ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi wa wani a kan tafiyar Yaya. Mun koma gida ba ta sayi daddawa ba.

Yarinyar ta riƙa zuwa gidanmu da la'asar tana duba shi. Amai ya tsaya, fata ta fara bushewa, amma kare ya ƙi cin abinci. An dama kunu ya ƙi, an kawo romo ya kawar da kai. Haƙarƙarinsa duk suka fito. Wata la'asar ta zauna a kan turmi ta ce mini, "Madam, hutunmu ya kusa ƙarewa, kuma in bai ci ba allura ba za ta riƙe shi ba. Akwai wani abu na mai shi a gidan nan? Riga ko hula, wadda ba a wanke ba? Wani lokaci in kare ya ji ƙanshin mai shi yakan samu ƙarfin zuciya. Ban yi alkawari ba fa." Na ce mata babu. Kayansa masu kyau ya tafi da su, sauran mun wanke mun ba yaran Baffa tun tuni. Inna tana zaune tana tankaɗe.

Sai da yarinyar ta tafi sannan ta karkaɗe hannu ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar murfin adaka, na ji ana fitar da kaya ana ajiyewa. Adakar nan ta aurenta ce, a ciki take ajiye zannuwanta na biki, ko ni ba na buɗe ta. Ta fito da wani ƙulli a cikin leda. Ta kwance leda, ga tsohon kallabi. Ta kwance kallabi, ga rigar Yaya ta aikin garka, shuɗiya, yagaggiya a kafaɗa, har da busasshen taɓo a gefenta. Na gane ta nan take. Ita ce ya tuɓe ya rataya a igiya safiyar da zai tafi. Na neme ta zan wanke a makon, Inna ta ce ita ba ta ga wata riga ba.

Ashe duk shekarun nan rigar tana ƙarƙashin zannuwanta, ta naɗe ta don kada ƙanshin ya fita. Kuma na san, ita ma ta sani, in kare ya kwanta a kai ya zuba mata yawu, rigar ba za ta sake komawa cikin adaka ba. Ba ta da wata. Ta ɗaga ta kusa da fuskarta kamar mai duba inda ta yage, ta ɗan jima a haka, sannan ta miƙo mini.

"Ungo. Tsumma ne, yana tare mini wuri."

Na kai wa karen bayan turke na shimfiɗa. Ya ɗago kai da ƙyar ya shinshina, ya sake shinshinawa, sai ya yi wani ɗan kuka siriri, wutsiya ta buga ƙasa. Ya ja jiki ya ɗora haɓarsa a kan rigar. Na yi kuka a wurin, ba na ɓoyewa, kuma ba don karen kaɗai ba. Ranar bai ci komai ba. Washegari ya lashi kunu kaɗan, bayan kwana biyu ya shanye romo har yana tura kasko da hanci. Ko rigar ce, ko allurar ce ta gama aikinta, ban sani ba. Na tambayi yarinyar ta yi murmushi ta ce su dai sun yi nasu, Allah ne mai warkarwa. Ranar da ta zo sallama za ta koma makaranta, Inna ta cika mata ƙwarya da ƙuli-ƙuli ta sa mata albarka. Inna ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, amma daga ranar in wani ya yi wa rumfar nan dariya a gabanta sai ta tambaye shi shi me ya taɓa warkarwa.

Juma'a ta zagayo, Yaya ya kira. Na ba shi labarin ƙazuwa da baƙin mai da amalanke, yana ta dariya. Inna tana gefe da tiren wake a cinya. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ki faɗa masa karensa ya warke. Ki faɗa masa kuma duk la'asar yana fita zaure yana kallon hanyar tasha, har a kira magariba."

Na dube ta. Karen nan bai fita ko'ina ba, ko tsakar gida bai iya tsallakawa ba tukuna. Ita ce take ɗaukar tirenta ta koma zaure kowace la'asar, wai can ya fi iska. Na maimaita wa Yaya saƙon kamar yadda ta faɗa. Amma da yake ta riga ta ce baki gare ni, sai na ƙara nawa. Na ce, "Yaya, karen nan fa ba ya iya kaiwa zaure. Kuma rigarka shuɗiya da ka bari a igiya, daga ƙasan adakar Inna ta fito."

"Ke!" in ji Inna, wake na zubewa ƙasa.

A wayar ba abin da nake ji sai hayaniyar motocin Legas. Har na ɗauka ta yanke. Can ya ce, "Na ji," da wata murya da ban san shi da ita ba.

Ya iso bayan ruwan farko, ana cikin shuka. Da yamma ne, ƙasa na ƙamshi, muka ji sallama a zaure. 'Yar jaka ɗaya ce a kafaɗarsa, babu wata tsaraba. Karen ya tsallake dukkan dokokin Inna, ya bi ta gaban randa ya ture buta, ya kusa kayar da shi. Inna ta amsa sallamar a maƙogwaro, ta miƙe ta shige ɗaki ta saki labule. Yaya ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa daga ciki, "Lafiya lau. Ya hanya?" Shi ke nan. Ya tashi ya koma inuwar darbejiya ya zauna, karen ya ɗora kai a gwiwarsa.

Daminar nan ita ce ta ƙarshe da muka yi mu uku a gidan. Yanzu ina Damagaram da nawa iyalin, Inna tana makwancinta, gidan kuma ya cika da 'ya'yan Yaya. Ina kewarta ƙwarai, musamman in hadari ya haɗo ta gabas. Kuma duk lokacin da na tuna ta, yammar nan ce take fara zo mini. Haushi ya cika ni a ranar, na ce bayan duk wannan jira abin da zai samu ke nan, gaisuwa ta bayan labule? Na kutsa ɗakin da niyyar in yi mata tsiya. Na same ta tsaye a bayan labulen, ta ɗan ja gefensa da yatsa ɗaya, tana kallonsa ta 'yar kafar, hawaye na bin kumatunta ba ta share ba. Ta san na shigo, amma ba ta juyo ba.

"Ya rame," ta ce a hankali. "Je ki kama zakaran nan, babban."